Bakugo ya nemi gafara, amma wa ya ji ta bakin Deku?

Tambaya: Malam, mun daɗe muna musu da abokaina a kan My Hero Academia, labarin zane na Japan a kan yara masu koyon zama jarumai. Ni a ganina Bakugo azzalumi ne kawai, marubucin ya wanke shi ne saboda masu kallo suna son sa. Yaron da ya ce wa Deku ya je ya faɗo daga saman bene, ta yaya ban haƙuri ɗaya zai share komai? Su kuma sun ce duk cikin labarin babu wanda halinsa ya ginu kamar nasa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, kafin komai, idan ba ka kai ƙarshen labarin ba ka sani zan fasa ƙwai har zuwa babin ƙarshe, domin tambayarka ba ta amsuwa da rabin labari.

A kan Bakugo abokanka sun fi ka kusa da gaskiya. A kan cewa akwai abin da bai zauna daidai ba kuwa, kai ka fi su. Sai dai inda ka ɗora yatsa ba nan ƙurjin yake ba, yana wajen Deku. Na bi labarin nan babi-babi shekara da shekaru, na sake karanta shi daga farko bayan ya ƙare, kuma idan ina koya wa ɗalibai yadda ake gina halin mutum a cikin labari, yaran nan biyu suna cikin misalan da nake yawan kawowa, a wajen yabo da wajen gyara duka.

Mu fara da lissafin lokaci. Kohei Horikoshi ya fara fitar da labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a watan Yulin 2014, ya rufe shi a watan Agustan 2024 da babi 430, waɗanda aka tattara a littafi 42. Kamfanin Bones ya fara mayar da shi katun a 2016. Maganar faɗowa daga bene tana babi na 1. Ban haƙurin yana babi na 322, wanda ya fito a 2021. Gaskiya ne Bakugo ya yi ta zuwa na ɗaya a yawancin ƙuri'un farin jini da aka yi wa 'yan cikin labarin, to amma marubucin da yake gaggawar wanke mutum don faranta wa masoyansa ba ya barin su suna jira shekara bakwai.

Ban yarda da masu rage girman abin da ya yi ba, masu cewa ai yarinta ce. Koma ka dubi babin farko da kyau. Suna ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, 'yan shekara 14. Malami ya ambata a gaban aji cewa Midoriya, wato Deku, shi ma yana son shiga U.A., makarantar horar da jarumai, aji ya kwashe da dariya, malamin bai tsawata ba. Bayan an tashi, Bakugo ya fizge littafin da Deku yake rubuta bayanan jarumai a ciki, na 13 a jerin littattafansa, ya babbaka shi da tafin hannu, ya wurga ta taga, ya faɗa cikin kududdufin kifi. Sannan a bakin ƙofa ya juyo ya ba shi shawarar ya yi tsalle daga rufin makaranta, ko a wata rayuwar zai dace da baiwa, wato ƙarfi na musamman da ake haihuwar mutane da shi amma shi Deku bai samu ba. Masu karatu a Japan ba su ɗauki wannan da wasa ba. A 2011 wani yaro ɗan shekara 13 ya kashe kansa a birnin Otsu bayan 'yan makarantarsu sun daɗe suna cin zalinsa, abin ya girgiza ƙasar har majalisa ta yi dokar hana cin zali a makarantu a 2013. Shekara ɗaya bayan dokar wannan babi ya fito. Saboda haka ɓacin ranka yana kan hanya, kuma kada ka bari a ce maka ka faye ɗaukar abu da zafi.

To me ya sa duk da haka nake cewa ginin Bakugo ya yi kyau? Saboda marubucin ya kafa shi a kan abu ɗaya tak, ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe: hannu. Wa ke miƙawa, wa ke iya karɓa.

Tun suna ƙanana, Bakugo yana gaba yana jan ayarin yara a kan wani gungumen itace da aka gitta a rafi, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa. Ruwan bai kai ya kawo ba. Sauran yaran suna sama suna cewa ai Kacchan ne, wato Bakugo, ba abin da zai same shi. Sai Deku, wanda kowa yake gani a matsayin na baya ga dangi, ya gangara cikin ruwan ya miƙa masa hannu yana tambaya ko ya ji ciwo. Ka dubi fuskar Bakugo a wannan hoto. Yaro ne da tun da baiwarsa ta bayyana, gumin tafin hannunsa yake fashewa kamar nakiya, manya da yara ba su daina ce masa shi ne gwani ba. A duniyar da kashi 80 cikin 100 na mutane suke da baiwa, shi ya taso da imanin cewa darajar mutum tana cikin ƙarfinsa, kuma wanda aka taimaka wa shi ne a ƙasa. Ga wanda ba shi da komai yana miƙo masa hannu. A kansa abin ya fassaru da raini. Daga wannan rana duk wani alheri na Deku zagi yake zame masa.

Sai hannun ya riƙa dawowa. Lokacin da mugu mai jikin taɓo ya naɗe Bakugo yana shaƙe shi, ƙwararrun jarumai suna tsaye suna jiran wanda baiwarsa ta dace, Deku ne ya ruga a guje ya jefa wa mugun jakar makaranta. Bayan an tsira, abin da Bakugo ya biyo shi ya faɗa masa shi ne bai nemi taimakonsa ba. A jarrabawar shiga U.A. ma marubucin ya rubuta bambancinsu da alƙaluma: Bakugo ya zo na ɗaya da maki 77 na ragargaza, na ceto kuwa ko ɗaya babu. Deku bai samu ko ɗaya na ragargaza ba, ya shiga da maki 60 na ceto. Kowannensu rabin jarumi ne.

Wurin da na fi so a duk wannan zare shi ne Kamino, unguwar da miyagu suka ɓoye Bakugo. An sace Bakugo, abokansa sun shirya su tashi ta sama a kan tudun ƙanƙarar da Shoto Todoroki, ɗan ajinsu mai baiwar ƙanƙara da wuta, ya yi, su fizge shi daga tsakiyar miyagu. Deku ne ya tsara dabarar, amma ya san idan shi ya miƙa hannu, Bakugo ba zai kama ba, ko da rayuwarsa ce a kai. Sai ya ce ɗan ajinsu Kirishima ne zai kira shi, don shi kaɗai Bakugo yake kallo a matsayin tsara. Kirishima ya miƙa, Bakugo ya tashi ya cafke. Marubuci mai gaggawa da a nan zai haɗa su, a yi murna a wuce. Horikoshi ya bar tazarar yadda take, ya nuna mana cewa yaron ya fara koyon karɓar taimako, amma daga hannun Deku tukuna da saura.

Kuma ka lura, labarin bai bar shi ya ci lalle a banza ba. Ya ci gasar wasannin makaranta, amma nasarar ta zame masa toka a baki saboda Todoroki ya ƙi amfani da wutarsa a karon ƙarshe, har sai da aka ɗaure shi da sarƙa a kan dandamali kafin a ba shi lambar. Wannan hoton ne ya sa miyagu suka zaci nasu ne suka sace shi. Wajen ceto shi All Might, jarumi na ɗaya a ƙasar kuma gwanin yaran biyu, ya ƙarar da ragowar ƙarfinsa ya yi ritaya. Sannan ya faɗi jarrabawar lasisin wucin gadi saboda yadda yake yi wa waɗanda ake ceto tsawa, Deku kuwa ya ci. Duk ginshiƙan da ya jingina da su an bi su ɗaya bayan ɗaya an kayar. Shi ya sa faɗansa na biyu da Deku, da dare a filin atisaye na Ground Beta, yake da nauyi haka. Bakugo bai kira Deku don ya nuna masa ƙarfi ba. Ya kira shi ne saboda ba shi da wani harshe sai na duka, kuma abin da yake cin ransa shi ne tambayar da ya yi muryarsa tana rawa: me ya sa shi ne ya zama sanadin ƙarshen All Might? Yaro ɗan shekara 16 ya yi makonni yana ɗauke da wannan shi kaɗai, babu babban da ya lura, kuma All Might da kansa ya amsa cewa sakacinsa ne. A wurin All Might ya faɗa musu abin da ya zama ƙashin bayan labarinsu, cewa ɗaya yana buƙatar koyon ceto don ya yi nasara, ɗayan kuma koyon nasara don ya yi ceto. Malam Aizawa ya hana Bakugo fita kwana 4, Deku kwana 3, suka yi ta sharar ɗakin kwanan ɗalibai tare.

Daga nan canjin ya riƙa zuwa a aikace, bakin kuwa yana nan da zafinsa. A karawar ajinsu na 1-A da ajin 1-B ya tare wa 'yar ajinsu Jiro hari da jikinsa, ƙungiyarsa ta ci 4 da nema. A babi na 284 ya faɗa wa All Might abin da bai taɓa faɗa ba, cewa Deku mutum ne da ba ya sa kansa cikin lissafi, wannan hali yana tayar masa da tsigar jiki, kuma don ya kauce wa ganin nasa raunin ne ya yi ta cin zalinsa. A babi na gaba, na 285, Shigaraki, jagoran miyagu, ya harbo wa Deku tsinaye, Bakugo ya ture shi ya karɓa a jikinsa, ƙafafunsa sun motsa kafin ya yi tunani, daidai yadda na Deku suka motsa ranar taɓo. Wato sai da ya biya da jini kafin ya buɗe baki.

Ban haƙurin da kansa an rubuta shi da natsuwa. Deku ya bar makaranta yana yawo shi kaɗai, ya yi duƙun-duƙun, ba barci ba abinci, 'yan ajinsu suka fito kamo shi. Ana ruwan sama. Bakugo ya tsaya a gaban dukan aji, ya zayyana laifinsa ba tare da neman uzuri ba: ya raina shi don ba shi da baiwa, amma a ransa yana jin Deku ya yi masa nisa a gaba, ya kasa jure wannan, shi ya sa ya gallaza masa. Ya ce ya san faɗin hakan ba zai canza abin da ya wuce ba. Ya sunkuyar da kai. Kuma ya kira shi Izuku, sunansa na yanka. Wanda ya san asalin laƙabin zai gane girman wannan. Bakugo ne ya ƙirƙiri laƙabin Deku tun suna yara, ya karanta haruffan sunan Izuku ta wata fuska don su ba da ma'anar gunkin itace, abin da ba ya tsinana komai. 'Yar ajinsu Uraraka ce daga baya ta ce ita sunan yana yi mata kama da kalmar ƙarfafa gwiwa, har Deku ya ɗauke shi sunansa na jarumta. Fiye da shekara goma Bakugo bai furta sunan gaskiyar ba sai a wannan ruwan.

Idan ka tsaya nan, abokanka sun ci musu. Amma juya shafin ka dubi abin da Deku ya mayar.

Ya ba da haƙuri shi ma. Ya nemi afuwar 'yan ajin a kan maganar da ya yi musu cewa ba za su iya bin sawunsa ba, sannan ya sulale, Bakugo ya tare shi. Shi ke nan. Wanda aka zalunta tun yana ɗan shekara huɗu, an zo an tsaya a gabansa an amsa laifi, amsar da labarin ya sa a bakinsa ita ce neman gafara a kan wani abu dabam. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, bai ce abin ya yi masa ciwo ba. Kuma har labarin ya ƙare ba a dawo an zaunar da su a kan maganar ba. Wannan ne abin da kake ji yana sukar ka, ƙanena, ko da ka sa masa sunan wanke Bakugo. Mu a wajenmu mun san tuba daban, yafiya daban. Tuba aikin mai laifi ne, yafiya kuwa haƙƙin wanda aka cuta ne, shi ke da ikon bayarwa ko hanawa. Labarin ya rubuta tuban dalla-dalla a cikin babi sama da 300, ya bar haƙƙin mai haƙƙi babu ko shafi ɗaya cikakke.

Don adalci, ba wai Deku bai taɓa ɗaga murya ba. A babin farko ya yi gunaguni shi kaɗai cewa da ya yi tsallen da gaske, da Bakugo ya shiga uku. A atisayen farko na U.A. ya kayar da shi ƙasa ya ce masa shi ba Dekun da ba ne. A jarrabawar da aka haɗa su da All Might ya kai masa naushi lokacin da ya ce gara ya faɗi da ya nemi taimakonsa. Amma lura da abin da yake fusata shi a kowane wuri: ko dai yana kare mafarkinsa, ko yana jin haushin Bakugo zai zubar da nasa. Fushi a kan shekarun da aka ci masa, wannan ba mu gan shi ba. Masu kare labarin suna cewa ai halin Deku ke nan, ba ya ganin kansa a bakin komai, kuma marubucin ya sani tunda ya sa Bakugo ya faɗa. Na yarda ya sani. Amma maganin da ya ba wannan cuta shi ne Deku ya bari abokai su taya shi ɗaukar kaya. Bai kai shi inda zai gane cewa ciwonsa ma abin lissafi ne ba. Yaron da ake cin zalinsa a makarantar kwana, idan ya karanta, darasin da zai iya ɗauka shi ne nagari shi ne wanda ya shanye bai ce uffan ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Abin da ya sa nake ɗora wa marubucin wannan laifi da ƙarfi shi ne, a cikin littafin nan ɗaya ya nuna ya iya. Dubi gidan Todoroki. Jarumi Endeavor, mahaifin Shoto Todoroki, ya auri Rei don baiwarta ta ƙanƙara, ya mayar da 'ya'yansa kayan gwaji don ya samu wanda zai wuce All Might. Matar ta zautu har ta zuba wa Shoto tafasasshen ruwa a fuska, aka kulle ta a asibiti shekaru. Toya, babban ɗan, ya ƙone a kan dutsen Sekoto, ya dawo a matsayin mugu mai suna Dabi ya tona asirin uban a gaban duk ƙasar. Laifin Endeavor ya ninka na Bakugo nesa ba kusa ba, shi babba ne mai iko a kan iyali. Amma a nan kowane wanda aka cuta an ba shi bakinsa. Fuyumi, 'yarsa mace, tana son gida ya haɗu. Shoto ya ce zai zuba ido ya gani. Natsuo, yayan Shoto, ya ƙi, kuma labarin bai taɓa nuna shi a matsayin mai taurin zuciya ba. Endeavor da kansa ya ce masa ba yafiya yake nema ba, so yake ya biya, har ya yanke shawarar gina musu wani gida da shi ba zai zauna a ciki ba. A ƙarshe, uban yana kan keken guragu, Natsuo ya faɗa masa zai yi aure kuma ba zai haɗa shi da matar ba, daga yau sun rabu. Endeavor ya karɓa. A wannan ziyara ce Shoto ya tambayi Toya, wanda yake kwance cikin na'ura yana jiran ajali, wane abinci ya fi so, ya ce taliyar soba, irin wadda Shoton ma ya fi so. Na daɗe a kan wannan shafi kafin in iya juyawa. Natsuon da aka ba gidan Todoroki, shi ne ba a ba Deku ba, ko a cikin zuciyarsa.

Manya ma an bar su sun sha. Malamin da ya bar aji yana dariya bai taɓa amsa laifinsa ba, kuma ba mu ga ranar da wani babba ya zaunar da Bakugo a kan maganar bene ba. A labarin da babban zarginsa ga al'umma shi ne kowa yana wucewa yana cewa wani jarumi zai zo, kamar yadda aka wuce Tenko Shimura yana yaro yana gararamba a titi har ya zama Shigaraki, wannan giɓi ne babba, domin ajin Deku shi ne titin farko da aka wuce yaro.

Mutuwar Bakugo a babi na 362 kuwa, a ganina kuskure ce. Zuciyarsa ta fashe, jarumi Edgeshot ya mayar da jikinsa zare ya shiga ya ɗinke ta, bayan fiye da shekara ɗaya a lissafin masu karatu ya tashi ya ceci All Might ya gama da babban mugu All For One. Ceton All Might ya dace da shi, don ya sauke nauyin Kamino. Amma mutuwar ta sa tausayi ya yi aikin da zance tsakaninsa da Deku ya kamata ya yi. Wa zai tsaya tuhumar wanda yake kwance ƙirji a buɗe?

Babi na 430 ya rufe zaren hannun yadda ya kamata. Shekara takwas sun wuce, ƙarfin One For All, baiwar da All Might ya gadar wa Deku, ya ƙare a jikinsa, ya koma mara baiwa, yana koyarwa a U.A. 'Yan ajinsu sun yi shekaru suna tara kuɗi, Bakugo a kan gaba, aka ƙera masa sulken da zai ba shi damar komawa fagen aiki. Bakugo ne ya miƙo hannu ya ce ya taho. Yaron da ya ƙona littafi don kada mara baiwa ya yi mafarkin jarumta, shi ne ya zuba dukiyarsa don mara baiwa ya zama jarumi. Ta ɓangaren Bakugo ban ga abin da ya rage ba.

Idan kun koma majalisa, ka ba abokanka Bakugo, sun cancanta. Sannan ka buɗe musu babi na 322, ka ce su bar kallon wanda ya sunkuya, su kalli wanda yake tsaye cikin ruwan sama da yagaggen kaya, su karanta maka abin da ya ce game da kansa.